Addu'ar da ka yi zuciya a bushe ma Allah na jin ta

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan jaridar nan tamu, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, sabida akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da addu'a da irin nauyin da muke ɗora wa junanmu a kanta, musamman mu matan ikkilisiya. Abun da ya ba ni ƙarfin halin rubutowa kuwa littafin wata baiwar Allah ce 'yar Ingila da ta rayu fiye da shekara 600 baya, ana ce mata Julian ta garin Norwich. Ni Kirista ce, kuma na san yawancin masu karanta jaridar nan 'yan'uwana Musulmi ne, to don Allah su daure su karanta, ban zo yi wa kowa wa'azi ba, amma duk wanda ya taɓa ɗaga hannu yana roƙon Allah ya ji zuciyarsa a bushe ƙayau zai gane inda na dosa.

An haifi matar nan wajen shekarar 1342. Tana 'yar shekara shida ko bakwai annobar nan da Turawa ke kira baƙar mutuwa ta shigo Norwich a 1349, wanda a lokacin yana cikin manyan biranen Ingila, gari ne na 'yan kasuwa da masaƙa, annobar ta kwashe mutane ba adadi, kuma ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta riƙa komowa a shekarun da suka biyo baya. Ga yaƙi tsakanin Ingila da Faransa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 1381 talakawa suka yi bore kan haraji, kuma bishop ɗin Norwich da kansa, Henry Despenser, shi ya ja mayaƙa ya murƙushe su a yankin. Na kawo wannan duka ne don kar wani ya ɗauka tana zaune cikin daula ne ta rubuta maganganu masu daɗi. A cikin wannan duniyar ta girma, duniyar da kusan kowane gida ya binne wani.

A watan Mayu na 1373, tana da shekara talatin da rabi, ciwo ya kwantar da ita rai kwakwai mutu kwakwai. Ita da kanta ta ba da labari, ta ce kwana uku tana kwance, a dare na huɗu aka yi mata addu'o'in da ake yi wa mai barin duniya, ta ƙara kwana biyu a haka, har jikinta daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu ba ta jin komai. Aka kira limamin cocinsu, ya zo da gicciye ya riƙe a gaban fuskarta ya ce ta kafa masa ido. Mahaifiyarta na tsaye a wajen, har ta miƙa hannu za ta rufe mata ido don ta zaci rai ya yi halinsa. To a wannan halin ne ta ce ta ga wahayi, guda 16, goma sha biyar a jere tun daga asuba, na ƙarshen kuma a daren da ya biyo. Sai ta warke. Ta fara rubuta su a taƙaice, sannan ta zauna tana juya su a ranta kusan shekara ashirin kafin ta sake rubutawa da faɗi, har babi 86. Wannan littafin nata shi ne mafi daɗewa da aka sani wata mace ta rubuta da Turanci.

Daga baya ta shiga halwa a wani ɗan ɗaki da aka gina jikin cocin Saint Julian a Norwich. Irin wannan halwar tasu ba ta kwana arba'in ba ce, idan mutum ya shiga ya shiga ke nan har mutuwa. Akwai taga da ke duban cikin coci don ta bi sujada, akwai wadda mutanen gari ke zuwa su tsaya su faɗi damuwarsu, ga kuma mai aiki da ke kawo mata abinci. Mutane sun riƙa bar mata 'yan kuɗi a wasiyyarsu, kuma ta waɗannan takardun wasiyya ne aka san tana raye har 1416.

Yanzu bari in zo kan abun da ya sa na ɗauki alƙalami. A wahayi na goma sha huɗu ta yi magana kan addu'a, kuma ta fara ne da faɗin gaskiyar da mu ba mu cika yarda mu faɗa a gaban mutane ba. Ta ce sau da yawa dogararmu ba ta cika, domin ba mu da tabbacin Allah na jin mu, muna ganin ba mu cancanta ba, kuma ba ma jin komai a ranmu, mukan tashi daga addu'a a bushe kaman yadda muka durƙusa. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, don 'yata ce ta sauke mini littafin a waya daga intanet, kyauta ma yake. Mace ce fa da ta ba da rayuwarta gaba ɗaya ga addu'a, ba miji ba 'ya'ya a gabanta ba zuwa kasuwa, amma ga ta tana cewa ita ma haka take ji.

Amsar da ta ce Ubangiji ya ba ta ita ce, shi ne tushen roƙon. Wato tun farko shi ya so ka samu abun, sannan shi ya sa maka sonsa a zuciya, sannan shi ya sa ka buɗe baki ka roƙa, to ta yaya kuma za a ce ba zai ji ba? Ta ce ya gaya mata a ci gaba da addu'a ko da mutum bai ji daɗinta ba, ko bai ga komai ba, ko yana ganin ma bai iya ba, domin a lokacin bushewa da ciwo da kasala addu'ar mutum tana faranta masa rai ƙwarai, ko da shi mai yin bai ɗanɗani komai ba. Kuma idan an roƙa an daɗe ba a ga amsa ba, ta ce kar a karaya, ko dai ana jiran lokacin da ya fi, ko ƙarin alheri, ko kyautar da ta fi wadda aka roƙa.

Edita, ka kwatanta wannan da abun da muke ji yau. An mai da addu'a kaman injin niƙa, ka zuba hatsi ka biya kuɗi gari ya fito, idan bai fito ba to laifinka ne, ko dai bangaskiyarka ta yi kaɗan, ko akwai zunubin da ka ɓoye, ko baikon da ka bayar bai kai ba, ko ba ka ɗaga murya sosai ba. A zumuntar matanmu akwai wata 'yar'uwa da mijinta ya daɗe yana jinyar ciwon ƙoda, ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan awakinta wajen biyan kuɗin wankin ƙoda, duk kwanan addu'ar da aka kira tana sahun gaba da ɗankwalinta da Littafi Mai Tsarki a hannu. Wata rana bayan an tashi daga taro ta riƙe ni a bakin ƙofa ta ce, “Mama, ni fa yanzu in na durƙusa ba abun da ke fitowa, sai dai in ce Ubangiji, Ubangiji, in yi shiru, anya Allah bai juya mini baya ba?” Ashe wani mai kiran kansa bawan Allah ne ya ce mata an nuna masa cewa ita ke riƙe da warakar mijinta sabida shakkar da ke zuciyarta. Matar da ba ta barci, ba ta cin abinci yadda ya kamata, aka ƙara ɗora mata wannan a kai. Na zaunar da ita a benci na fassara mata wancan wurin na Julian da bakina gwargwadon iyawata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in sake karanta mata wurin ciwo da kasala. Mijin nata har yanzu yana jinya, ban ce littafi ya warkar da kowa ba. Amma ta daina ganin kanta a matsayin wadda ke kashe mijinta, kuma ta koma yin addu'arta, gajera yadda take iyawa.

Akwai wani wuri kuma da nake so duk masu cewa kowace damuwa alamar zunubi ce su karanta. A wahayi na bakwai ta ce ta ji wata irin natsuwa da farin ciki ya cika ta har ba ta tsoron komai, can ba jimawa sai abun ya ɗauke, ta ji nauyi da gajiya da rayuwa har da kyar take iya haƙurin zama da rai, sai daɗin ya dawo, sai ya sake tafiya, haka ya riƙa yi mata wajen sau ashirin. Ta ce lokacin daɗin za ta iya faɗa tare da Manzo Bulus cewa ba abun da zai raba ta da ƙaunar Almasihu, lokacin ƙuncin kuma sai dai ta yi kuka irin na Bitrus, Ubangiji ka cece ni zan hallaka. Abun da ta fahimta shi ne Allah na riƙe da mutum daidai wa daida a hali biyun, kuma ta lura cewa a ɗan tsakanin nan ba ta yi wani zunubi da za a ce shi ya jawo ƙuncin ba, haka kuma ba ta yi wani abun kirki da ya sayo mata daɗin ba. Wallahi da an koya mana wannan tun muna 'yan mata da hawaye da yawa ba su zuba ba.

Wani abun da ya ƙara mini yarda da ita shi ne yadda ta ɗauki wahayin nata. Mu a nan wanda ya yi mafarki ɗaya gobe ya buga fosta ya sayi lasifika. Ita kuwa ta rubuta ƙarara cewa ganin wahayin bai mai da ita mutuniyar kirki ba sai idan ya sa ta ƙara ƙaunar Allah, kuma ta tabbata akwai mutane da yawa da ba su taɓa ganin komai ba, koyarwar coci kawai suka riƙe, amma sun fi ta ƙaunar Allah. Ta ce a daina kallonta ita, a kalli Allah. Har ma ta ba da labarin yadda ta nemi a nuna mata makomar wani mutum da take ƙauna, ko zai ɗore a kan hanyar kirki, aka hana ta, aka ce ta ɗauki abun da aka nuna mata a kan kowa da kowa, ta bar bincikar na mutum ɗaya. Ta rubuta wannan hanin da hannunta ba ta ɓoye ba. To in wadda ta ga wahayi 16 an hana ta leƙen asirin mutum guda, ina waɗanda ke kiran lambar wayar mutane a kan bagadi suna faɗin wanda ya yi musu asiri a dangi suka samo nasu izinin? Gidaje nawa suka watse, surukai nawa aka ƙulla wa sharrin maita sabida irin wannan?

Maganarta da ta fi yawo a duniya ita ce wadda ta ce Yesu ya gaya mata, cewa komai zai yi daidai, komai zai yi daidai, kowane irin abu zai yi daidai. Ana rubuta ta a kati ana turawa a WhatsApp da hoton fure. Ni kam ina ganin in an cire ta daga inda take an rage mata nauyi. Ta zo ne lokacin da matar ke cikin damuwa tana tambayar me ya sa Allah da ya san komai bai hana zunubi shigowa duniya ba tun farko, kuma ko bayan an ba ta amsar ba ta yi shiru ba, ta sake tambaya, ya Ubangiji ta yaya komai zai yi daidai ga irin ɓarnar da zunubi ya yi wa halittarka? Ba a warware mata duka ba, an ce mata akwai abun da ke ɓoye sai ranar ƙarshe, kuma abun da ya gagari mutum bai gagari Allah ba. Can gaba kuma ta faɗi abun da ni ya fi kama ni, ta ce bai ce ba za ka sha guguwa ba, bai ce ba za ka sha wahala ba, bai ce ba za ka shiga ƙunci ba, abun da ya ce shi ne ba za a rinjaye ka ba. Wannan zan iya faɗa wa matar da aka sace ɗanta a hanya ba tare da na ji kunya ba. Amma in ce mata ta ba da kaza ta yi azumin kwana kaza ɗanta zai dawo ranar kaza, wannan ban da ikon faɗa, kuma ba na jin wani ɗan Adam na da shi.

Ba duk abun da ke littafin ne ya kwanta mini ba, gaskiya. Tun tana yarinya ta roƙi Allah ya ba ta ciwo mai tsanani don rahamar Allah ta tsarkake ta, ko da yake ta ce ta haɗa da in ya yarda. Ni ba zan koya wa 'ya'yana wannan roƙon ba, ciwon da ke zuwa ba a kira shi ba ma ya ishe mu. Haka kuma inda ta ce ita ba ta ga fushi a wurin Allah ba sam, na karanta na sake karantawa ina tuna wurare da yawa a Littafi Mai Tsarki da suka yi maganar fushinsa, ita ma kanta ta nuna abun ya dame ta don ta san koyarwar coci, kuma ta ce ba za ta saki koyarwar ba. Wannan na bar wa malaman tauhidi. Inda ta kira Yesu uwa kuwa, na san wasu za su ɗaure fuska, amma ni bai firgita ni ba, tunda a Ishaya 66:13 Allah da kansa ya ce zai ta'azantar da mutanensa yadda uwa ke ta'azantar da ɗanta. Abun da take nufi a kan addu'a a fili yake, yaro in ya faɗi ya ɓata jikinsa wajen uwarsa yake rugawa da dattinsa, ba ya tsayawa sai ya yi wanka tukuna.

Kuma kar a ce don tana kulle a ɗaki ba ta san halin mutane ba. Wata mata mai suna Margery Kempe daga garin Lynn, uwar 'ya'ya 14, wadda in ta shiga coci takan fashe da kuka mai ƙarfi har mutane suka tsane ta wasu na cewa munafunci ne, ta je wajen Julian wajen shekarar 1413 don a gaya mata ko abun da take ji daga Allah ne ko ruɗi ne. Sun yi kwanaki tare. Margery ta sa an rubuta shawarar da ta samu, cewa ta auna duk abun da ya zo mata a rai, in yana girmama Allah kuma yana amfanar 'yan'uwa to ta bi, domin Ruhu Mai Tsarki ba ya tura mutum ga abun da ya saɓa wa ƙauna, sannan ta yi haƙuri kar ta ji tsoron bakin mutane. Ba ta ce mata ta daina kuka ba, ba ta kuma ce mai kuka ya fi mai shiru ba. Ni ma ba ina sukar masu addu'a da murya ko masu kwana a coci ba ne, ni kaina ina zuwa kuma ina samun albarka. Roƙona shi ne a daina auna addu'ar mutum da yawan zufarsa.

Littafin nan da ƙyar ya iso gare mu. Bayan Sarki Henry na takwas ya rufe gidajen masu bautar Allah a Ingila, wasu mata 'yan Ingila masu zaman zuhudu da suka yi hijira zuwa Cambrai da Paris, a Faransa ta yau, su suka riƙa kwafarsa da hannu suna adanawa. A 1670 wani limami mai suna Serenus Cressy ya fara buga shi, amma bai yaɗu sosai ba sai da wata mata 'yar Scotland, Grace Warrack, ta fitar da shi a 1901 da Turancin da mutane za su iya bi. Cocin da ta zauna ma bam ya rushe shi a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sake gina shi daga baya. Yau cocin Anglika na tunawa da ita ranar 8 ga Mayu, Fafaroma Benedict na 16 ya yi jawabi guda a kanta ranar 1 ga Disamba 2010, kuma an ɗauko maganarta a katekizim, wato littafin koyarwar cocin Katolika. Ita kuwa ta kira kanta marar ilimi, har ta rubuta tana tambaya, don ni mace ce sai in yarda cewa bai kamata in gaya muku alherin Allah ba?

'Yan'uwanmu Musulmi sun san darajar adana irin waɗannan mata. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi waƙa ta jero mata bayin Allah, har da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, don matan karkara su ji sunayensu su yi koyi. Mu Kiristoci masu jin Hausa mun yi sakaci a nan. Matanmu da yawa a ƙauyuka Hausa kawai suke karantawa, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi su ne duk abun da ke hannunsu, sai kuma abun da wani ya faɗa musu ta lasifika ko bidiyon da aka turo musu.

Don haka ina kira ga makarantun tauhidi da ke koyarwa da Hausa da masu fassara na ikkilisiyoyinmu, ko ba za a iya fassara littafin duka ba a fara da babi na 41 zuwa na 43 inda ta yi maganar addu'a, a haɗa da babi na 15 na wahayi na bakwai, bai fi 'yan shafuka ba, a buga shi ƙarami mai araha a kai wa ƙungiyoyin zumuntar mata. Fastocinmu kuma don Allah in mace ta zo ta ce ta kasa addu'a, a fara tambayarta ko ta ci abinci, ko ta yi barci, wa ke taya ta jinya, kafin a fara neman zunubin da ta ɓoye. Kai kuma Edita, in da hali a riƙa ba irin waɗannan tarihin fili a jarida lokaci lokaci, na Musulmi da na Kirista, akwai masu karatu da yawa da za su amfana.

Na gode da ba ni wannan dama, Allah ya saka da alheri.

Taku,
Wata mai karatu daga Wusasa, Zariya